Wa Ya Turara Dambun?

Shekara biyu Nu'uman yana zarya tsakanin Sandamu da Daura saboda Juwairiyya, har babur ɗinsa ya haddace kowane rami da ke hanyar, amma mahaifinta Malam Ɗantsoho tela bai ce e ba, bai kuma ce a'a ba.

Ba shi ne matsalar ba. Yayarsa ce matsalar, Gwaggo Yelwa. Tun ranar da Alhaji Bature, wani ɗan kasuwar Mai'adua, ya aiko mata da turmin atamfa biyu da kwalin madara, Allah ya buɗe mata ido ta gano cewa malamin firamare irin Nu'uman ba miji ba ne.

"Alli za ki ci?" Haka take tambayar Juwairiyya safe da yamma. "Ga mutum da mota da gidan bene, kin liƙe wa mai babur."

Da surutun ya ishi Malam Ɗantsoho sai ya ce kowa ya saurara, bayan Babbar Sallah zai yanke magana. Ya ƙara da sharaɗi ɗaya: kafin ranar, ba zai ci ko loma ɗaya da kuɗin mai neman 'yarsa ba, ko wane ne.

Ana haka aka buɗe wani wurin wasan yara a bayan gari, kan hanyar Zango, mai lilo da dawakan ƙarfe da ɗan jirgin ƙasa. Yaran gidan suka hana kowa sakat, har Malam ya yi alkawarin kwashe iyali kaf ranar uku ga Sallah. Da aka ƙirga har jikoki da Gwaggo, mutum goma sha huɗu ne. Ya ware kuɗin tikiti, sannan ya miƙa wa Juwairiyya naira dubu huɗu.

"Uwata, ga na abinci." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Juwairiyya ta dubi kuɗin. Ƙawarta ta riga ta gaya mata cewa farantin shinkafa a wurin naira ɗari takwas ne, da nama yanka ɗaya kamar an yi rowa. Mahaifiyarta Umma Haulatu kuwa kwana biyu tana gaban kaskon suyar naman layya, bayanta ya riƙe, ita kanta Juwairiyyar mai ya fallatsar mata a hannu. Kuma ta san abin da Gwaggo ke jira: yara su fara kukan yunwa, Alhaji Bature ya ɓullo da ledojin kaji, a nuna wa Baba bambancin miji da miji.

Da la'asar ta kira Nu'uman ta zayyana masa komai.

Ya yi dariya. "Dubu huɗu? Ai da canji. Ki haɗa mini kuɗin da ɗan soyayyen naman gidanku, zan biyo in karɓa. A gidanmu za a dafa."

"Iya za ka wahalar?"

Ya ce, "Kada ki damu da Iya."

Ta ji sanyi a ranta. Ba ta taɓa ganin mahaifiyarsa ba, don budurwa ba ta taka gidan surukai kafin aure, amma ta san hannunta. Duk azumi sai an kawo musu ƙosai da kunun gyaɗa daga Sandamu, ana cewa in ji Iya, gidan kuma har faɗa ake yi a kansu. Da aka gaya wa Malam Ɗantsoho wannan shiri, sai ya ce tunda da kuɗin da ya bayar za a dafa, bai ga laifi ba.

Ranar fita, wurin ya cika maƙil. Layin maza daban, na mata daban, 'yan agaji na ta tsawata wa samari masu leƙe. Yara suka hau lilo suka sauka, suka hau doki suka sauka, har Gwaggo Yelwa da ta rantse ba za ta hau komai ba sai ga ta cikin jirgin ƙasa ta ƙanƙame ƙarfe tana salati.

Bayan azahar suka shimfiɗa tabarmi biyu a inuwar darbejiya can ƙarshen filin, ta maza da ta mata. Nan Nu'uman ya same su, ɗauke da manyan kuloli biyu da jarka. Ya durƙusa ya gaida Malam, ya gaida Umma da Gwaggo, wadda ta amsa da hanci.

Da Umma ta buɗe kula, ƙamshi ya bugi kowa.

Dambun tsakin masara ne, washar-washar, ya sha zogale da albasa da dakakkiyar gyaɗa. An daddatsa soyayyen naman ƙanana an cuɗe shi ciki, ta yadda duk lomar da ka ɗebo sai ka ci karo da shi. Ga man gyaɗa soyayye a kwalba, ga yajin ƙuli a ƙulle. Jarkar kuwa zoɓo ne mai citta da kanumfari, an daskarar da shi tun jiya, yanzu ya narke rabi yana zufa.

"Dambu ba ya lalacewa da zafin rana, Umma," in ji Nu'uman, kansa a ƙasa. "Da miya ce da yanzu ta fara tsami. Kuma yana riƙe ciki, yara ba za su nemi komai ba sai gida."

Ya zaro naira ɗari tara ya ajiye gaban Malam. "Ga abin da ya ragu, Baba. In an yarda a sai wa yara askirim, don kada su ga na wasu su sa rai."

Sannan ya ja gefe ya zauna bayan bishiya ya juya baya, don mai neman aure ba ya cin abinci gaban surukai.

Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar cokula. Gwaggo Yelwa ta ce ita ɗanɗanawa kawai za ta yi, sai ga shi ta miƙa faranti karo na uku tana cewa a ɗan ƙara mata mai.

"Gaskiya tsohuwar nan ta iya," ta ce, baki cike. "Ɗan ne dai ba shi da ko sisi."

Juwairiyya ta sunkuyar da kai tana murmushi cikin mayafi. Rabonta da farin ciki irin wannan har ta manta.

Ana cikin haka sai ga Alhaji Bature, shadda na ƙyalli, turare na riga shi isowa, hannunsa riƙe da ledoji biyar na gasassun kaji. Ya gaisa, ya ajiye su gaban Malam.

"Mun gode, Alhaji," Malam ya ce. "Ka san sharaɗina. Kuma ka ga mun ƙoshi."

Bature ya dubi kulolin da aka kusa sharewa, ya dubi bayan Nu'uman. Bai nuna ɓacin rai ba ko kaɗan. Murmushi ma ya yi, irin na wanda ya zo da abinsa a aljihu.

"Baba, an gaya muku wanda ya dafa?"

"Mahaifiyar Malam Nu'uman ce," Juwairiyya ta yi caraf ta amsa, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban manya.

"Haka ya ce miki?" Ya zaro wayarsa ya daddanna, ya miƙa wa Gwaggo Yelwa. "Gwaggo, ke ce babba. Duba mana. Yau da safe aka ɗauko mini ta saman katanga."

Gwaggo ta karɓa tana lasar yatsa. Ta kai wayar kusa da ido, ta janye, ta sake kaiwa. Sai ta saki farantin ya kife a cinyarta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Umma ta leƙa, ta dafe ƙirji. Juwairiyya ta fizge wayar.

Tsakar gida ne na ƙasa, da murhu, da madambaci na tururi. Ga Nu'uman tsugune daga shi sai singileti, yana murza tsaki da zogale a cikin ƙwarya da hannu biyu, cikin gwaninta irin ta wanda ya shekara yana yi. Ya miƙe zai gyara wuta, sai ta ga abin da ya sa Gwaggo salati: a ƙugunsa, saman wando, ɗaure yake da zani. Zanin mata, mai ruwan goro, har da ƙulli a gefe.

Ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta kalla har hoton ya ƙare, ya sake farawa, ba ta iya ɗauke ido ba.

"Namiji da zani!" Gwaggo Yelwa ta miƙe tana tofar da yawu, tana goge harshe da gefen mayafi. "Namiji gaban madambaci! Ɗantsoho, ka ga abin da ka jawo mana? Abincin ɗan daudu muka ci ranar Sallah! Faranti uku, ni Yelwa! Wayyo cikina!"

Mutanen tabarmin kusa suka juyo. Wasu mata suka matso, yara suka daina shan zoɓo suka yi tsuru-tsuru.

Nu'uman ya taso a hankali. Ba sai an nuna masa wayar ba, fuskokin sun gaya masa. Ya zo ya durƙusa a bakin tabarmar Malam.

"Kai ka dafa?" Malam ya tambaya, muryarsa ba sama ba ƙasa.

"Ni na dafa, Baba."

"Ƙosan azumi fa?" Umma ce ta tambaya.

"Ni ne, Umma. Da kunun. Duka ni ne."

"To ina uwar taka?" Gwaggo ta daka masa tsawa. "Ko ita ma ƙarya ce?"

Nan idonsa ya cika.

"Tana nan da ranta, Gwaggo. Shekara shida ke nan ɓarin jikinta ya shanye. Ba ta tashi, ba ta riƙe cokali. Ni kaɗai ta haifa, mahaifina kuma ya rasu tun ina aji uku."

Ya share ido da bayan hannu.

"Da abincin sayarwa ta raine ni. Duk wanda ya ci kasuwar Sandamu shekarun baya ya san dambunta. Da ciwon ya same ta maƙwabta suka yi ta kawo mana abinci, Allah ya saka musu. Sai ta daina ci. Ta ce ita da ta ciyar da gari ba za ta ƙare da kwanon sadaka ba. Kwana huɗu ba ta sa komai a baki ba, ina kallo tana tafiya. Rana ta biyar na jawo tabarmarta bakin ɗaki, na hura wuta, na ce Iya gaya mini yadda ake yi. Tana faɗa ina yi. Har yau haka muke, ita ce baki, ni ne hannu."

"Zanin fa?" Bature ya jefo, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Shi ma magani ne?"

Nu'uman bai dube shi ba.

"Wando biyu gare ni na zuwa makaranta. Mai ya ɓata ɗaya, sai ta ce in riƙa ɗaura tsohon zaninta in zan yi girki. A cikin gidanmu ne, ƙofa a rufe. Ban san ana hawa katangar mutane ba."

Juwairiyya ta ji hawaye na bin kumatunta, ba ta san lokacin da suka fara ba.

"Shekara biyu, Malam Nu'uman," ta ce. "Shekara biyu ina cewa ka gaida Iya, ka ce tana amsawa. Ina cewa a yi mata godiyar ƙosai, ka ce za ta ji. Ashe dariya kake mini a zuci?"

"Wallahi ban taɓa ba. Kuma tana ji, duk saƙonki sai na kai mata."

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Ita ta roƙe ni. Ta ce kada in bari yarinyar da nake so ta san ta a kwance, kada a guje ni saboda ita. Sau nawa ina zuwa zance da niyyar faɗa miki, in na ga fuskarki sai in kasa." Ya dube ta. "Tsoron ranar nan nake yi, Juwairiyya. Ga ta kuma ta zo."

"Kukan munafunci!" in ji Gwaggo. Ta juyo kan Juwairiyya, ta sassauta murya, wanda ya fi tsawar ciwo. "Ke 'yar nan, buɗe kunnenki. Hoton nan kafin magariba ya zaga Daura. Ranar bikinki mata za su tambaye ki wa zai shiga kicin, ke ko ango. Duk gidan sunan da kika shiga sai an taɓa juna an ce ga matar mai zani. 'Ya'yanki ma da shi za a riƙa zaginsu a makaranta. Ga jinyar tsohuwa tun daga daren farko. Abin da kike so ke nan?"

Nu'uman ya ɗago. Bai dubi Gwaggo ba, bai dubi Malam ba, ita kaɗai ya duba.

"Na yi laifin ɓoye miki, na amsa, ki hukunta ni yadda kika so. Amma abu ɗaya zan tambaye ki, a gaban Baba. Girkin da nake yi wa mahaifiyata, ke ma abin kunya ne a wurinki?"

Amsar tana bakinta. Wallahi tana nan, kalma ɗaya ce tak. Sai idonta ya sauka kan matan da suka kewaye su, ta ga wata ta rufe baki da mayafi kafaɗunta na rawa, ta ga wata budurwa ta ɗaga waya. Zanin nan mai ruwan goro ya dawo mata, da ƙullinsa a gefe. Ta tuna ƙawayenta, ta tuna bakinsu.

Ta sunkuyar da kai.

Ni dai ba zan ɗora mata laifin duka ba, yarinya ce aka rutsa a tsakiyar jama'a. Amma shirun ya yi tsawo. Ya yi tsawon da har mai lilo ya tsayar da lilonsa ya sauke yara ya ɗebi wasu, ba ta ce uffan ba.

"To," in ji Nu'uman a hankali. "Na ji."

Ya miƙe. Ya rufe kulolinsa ɗaya bayan ɗaya, ya bar musu jarkar zoɓon saboda yara. Ya sake durƙusawa gaban Malam.

"Baba, a yafe mini. Na janye. Allah ya ba ta wanda ba za ta ji kunyarsa ba. Zan koma, lokacin juya Iya ya yi."

Ya ratsa cikin mutane da kula a kowane hannu, suna buɗa masa hanya suna bin sa da kallo. Bai waiwayo ba.

"Alhamdu lillahi!" Gwaggo Yelwa ta tafa hannu. "Allah ya raba mu da iri. Alhaji, buɗe mana kajin nan in wanke bakina."

"Yaya, zauna."

Malam Ɗantsoho ne. A iya sanin Juwairiyya bai taɓa yi wa yayarsa magana da wannan murya ba. Gwaggo ta zauna daɓas, baki buɗe.

Ya jawo farantinsa, wanda tun ɗazu ke gabansa da sauran dambu. Ya yi bismilla, ya ci gaba da ci, loma bayan loma, kowa na kallonsa, har ya share shi tas. Ya sha ruwa, ya yi hamdala. Sannan ya tura ledojin kajin da yatsa zuwa gaban Bature.

"Ɗauki kayanka, Alhaji. Wanda zai sa a hau katangar gidan mara lafiya don ya sami mata, ban ga abin da ba zai yi wa 'yata ba in ta shiga hannunsa. Kada in ƙara ganin motarka a ƙofar gidana."

"Baba, ai ni taimako..."

"Na sallame ka."

Bature ya kwashi ledojinsa, shaddar ta daina ƙyalli, ya wuce yana tuntuɓe da igiyar rumfa.

"Malam," Umma ta ce, "kai ba ka ji mamaki ba?"

"Mamakin me? Kuna zaton zan ba da 'yata ban yi bincike ba? Tun kafin azumi na je Sandamu da ƙafata. Limamin unguwarsu ya zaunar da ni ya ba ni labarin yaron nan daga farko har ƙarshe, yana faɗa yana kuka. Na san wanda ke soya ƙosan, na san wanda zai turara dambun nan tun ranar da kuka zo mini da maganar. Yau da mun koma gida na yi niyyar in ce ya turo magabatansa."

Juwairiyya ta ɗago a firgice. Ta dafa kafaɗar Umma.

"Baba... ka sani? To don me ka yi shiru? Don me ka bar shi ya tafi? Don Allah ka sa a kira shi, bai kai ƙofa ba, wallahi bai kai ba!"

"In kira shi in ce masa me?"

"Ka ce ka ba shi!"

Malam Ɗantsoho ya dube ta. Babu fushi a idonsa, da ma fushin ne da ya fi mata sauƙi.

"Ba ni ya tambaya ba, Uwata. Ni na daɗe da sanin ko shi wane ne. Ke ce ban sani ba, shi ya sa na yi shiru in ji amsarki."

Ya laluba takalmansa ya saka, ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Na kuwa ji ta. Shi ma ya ji."